Birni Ya Tako Ya Same Mu A Gida

Ni ban taɓa yin ƙaura ba. Ta bayan ɗakin da aka binne cibiyata nake bi kullum in tafi sallar asuba. An haife ni ɗan ƙauye, yau kuma in aka tambaye ni daga ina nake sai in ce daga cikin Kano, kuma ban yi ƙarya ba. Ba mu muka je birni ba, shi ya tako ya same mu a gida, ya zagaye mu gabas da yamma, kudu da arewa, ya wuce gaba abinsa. Na daɗe ina son in ba da wannan labari, domin akwai hannuna dumu-dumu a cikin abin da ya same mu, kuma akwai ƙauyukan da yanzu haka birni yake ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Garinmu yana yamma da Kano ta hanyar Gwarzo, a ƙasar Ungogo. Ba zan kama sunansa ba, saboda wasu daga cikin waɗanda zan ambata suna raye, wasu kuma da 'ya'yansu muke haɗa sahu. Sunan dai bai ɓata ba, 'yan Adaidaita Sahu suna kiransa kullum a Kabuga in suna neman fasinja. Wanda ya san Kano ma sunayen unguwanni sun ishe shi shaida: Rijiyar Zaki, Rijiyar Lemo, Ɗorayi, Kurna, Rimin Gata, Gandun Albasa. Wannan rijiya, wancan bishiya, wancan gona. Duk wuraren manoma ne kafin kwalta ta iso.

Inna ta ce ina gudu da ƙafata lokacin babban farin 1973, kuma da mu aka buɗe makarantar UPE, wato ta shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976. Abin da na buɗe ido na gani shi ne jaki. Baba yana da uku. Da rani, ana idar da asuba, mu ɗaura musu itace da kara mu kama hanya, Goron Dutse yana gabanmu, ba abin da ya tare shi sai ɗorawa da kuka. Mu shiga ta Ƙofar Kabuga, mu sayar da itacen a ƙofar gidaje, sannan mu cika mangala da taki daga turakun dabbobi da juji, mu juyo. A gona a zuba shi tsibi-tsibi a jira ruwa. Da wannan takin ne gonakin kewayen Kano suke ba da gero da dawa da wake da gyaɗa shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Birni yana ba mu taki, muna ba shi itace da hatsi, kuma tsakaninmu da badala akwai tafiyar da sai ka yi gumi.

Garin kansa a dunƙule yake, gidajen ƙasa kusan arba'in, kowanne da zaurensa da rumbunansa. Lungunanmu da jaki kakanninmu suka auna su: in jaki da mangala a cike zai wuce bai gogi bango ba, hanya ta yi. A kudu akwai kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin gidajen duka. Ruwan saman da ya sauka a gonakin arewa da cikin gari, ta wani ɗan kwari yake bi, ya ratsa gefen ƙaramar gonarmu ya faɗa kududdufin. Akwai burtali, akwai filin idi, akwai maƙabarta mai kukoki uku. Babu ɗaya a cikinsu da yake da takarda, domin ba wanda ya taɓa tunanin za a wayi gari a tambaya.

Ina aji shida wata Land Rover ta tsaya a bakin gandunmu na arewa. Mutane suka fito da wata na'ura mai ƙafa uku, ɗaya yana leƙawa, ɗaya yana riƙe da sanda mai zanen ja da fari, lebura yana bin su yana binne ƙananan siminti masu lamba. Washegari dagaci ya tara magidanta ya ce umarni ne daga sama, gwamnati za ta yanka filaye. Sai da na girma na san abin da ke bayan wannan umarni. A 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka yi dokar da ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Mu a Arewa abin ba baƙo ba ne a takarda, tun 1910 Turawa suka rubuta irinsa, dokar 1962 ta maimaita. Amma manomi bai ji zafinsa a jikinsa ba sai da birni ya fara yunwar fili. A ƙarƙashin dokar, in gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, abin da take biya shi ne abin da ke kan ƙasar, gini ko shuka ko bishiya. Ita ƙasar ba ta da farashi.

Ni na karanta wa Baba takardar diyya, domin ni kaɗai ne ɗan boko a gidan. Ɗorawa biyar, tsamiya biyu, kuka ɗaya, mangwaro ɗaya, kowace da kuɗinta a gabanta. Da na kai ƙarshe ya ce, "Ci gaba mana."

Na ce, "Baba, iyakarta ke nan."

Ya juya wajen ma'aikacin ya ce, "Malam, kun ƙirga itatuwa. To ƙasar da suke tsaye a kai fa?"

Mutumin, wanda a haife Baba ya haife shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, sai haƙuri, ita ba a biyan ta."

Baba ya daɗe yana kallon babban yatsansa kafin ya dangwala. Kuɗin ya rufa wa ɗaki biyu kwano, ya sayi keke, ragowar kuma yunwar 1984 ta cinye a sayen tiya, a gidan da bai taɓa awo ba. Inna ce ta fi kowa kuka, kuma ɗorawar take wa kuka. Da kalwarsu take yin daddawar da ta yi wa yayyena mata kayan ɗaki.

Darasin da mutanenmu suka ɗauka ɗaya ne: sayar kafin a karɓe. Ga masu saye kuma sun yi yawa. Sabon matsugunin Jami'ar Bayero ya buɗe a kan hanyar Gwarzo, ma'aikata suna neman kusa da wurin aiki. Gidajen gado na cikin birni sun cika sun batse, ango ba shi da inda zai ajiye amarya. 'Yan kasuwar Kwari da Singa suna neman inda za su binne kuɗinsu. Ta nan awon igiya ya shigo mana. Mai gona da dillali su samo igiya mai ƙafa hamsin, su ja, su kafa turke, su sake ja. Ba safiyo, ba taswira. A rubuta yarjejeniya a fallen littafin makaranta, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, dillali ya karɓi la'adarsa. Da yawa daga unguwannin talakawan da ke kewaye da Kano haka aka haife su. Ban raina awon igiya ba, shi ya ba malamin makaranta da tela da direba wurin da za su kafa bulo, a lokacin da awon gwamnati sai wane da wane. Amma igiya ba ta san hanya ba, ba ta san makaranta ba, ba ta san inda ruwa yake bi ba. Fuloti kawai ta sani.

Da na gama kwalejin horon malamai na dawo ina koyarwa a firamaren garinmu, sai na zama marubucin kowa. Duk wanda zai sayar, ni ake aikowa a kira, in rubuta, a ba ni na goro. Da Baba ya rasu aka zo rabon gado, abin da ya rage mana ita ce gonar kudu, wadda kwarin nan ya ratsa gefenta. Mu tara ne, maza huɗu mata biyar, ga tumunin Inna. In aka raba ta don noma, kowa abin da zai samu bai fi shimfiɗar tabarma ba. Yaya yana son jari, ƙanina yana son aure, ni ina son in rufe ginina. Muka kira dillali.

Ranar awo Baffa, ƙanin Baba, ya biyo ta wajen da fartanyarsa a kafaɗa. Ya tsaya ya kalle mu, ya ce, "Ku bar hanya mai faɗi a tsakiya, wadda mota biyu za su gifta juna. Kuma kada ku taɓa kwarin nan, hanyar ruwa ce tun ba a haifi ubanku ba." Dillali ya ja mu gefe ya yi mana lissafi: hanya mai faɗi fuloti uku za ta ci, kwarin kuma in an cike shi fuloti biyu ne lafiyayyu. Yaya ya dube ni, tunda ni ne mai ilimin. Na ce, "Yaya, ƙafa goma ta isa hanya. Ruwa kuma ai zai nemi wani wurin." Ni na faɗi haka da bakina, ni na riƙe bakin igiyar, ni na rubuta takardun. Baffa bai ƙara cewa uffan ba, ya gyara fartanyarsa ya wuce.

Ƙafa goman ma ba ta tsira ba. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa ramin masai a waje, wani ya kafa rumfar shago, har ta koma shida. Maƙwabtan gonarmu suka yi yadda muka yi. Burtali ya tafi, rabin filin idi ya bi shi. Kududdufi aka mai da shi juji, cikin 'yan shekaru ya cike, wata safiya muka ga wani da takarda mai hatimi yana sauke bulo a kansa.

A arewa kuwa, inda gandun Baba yake, wata duniya ce ta tashi. Tituna miƙaƙƙu, katangu masu waya a sama, kowane gida da rijiyar burtsatse da tankinsa. An yi musu lambatu na kankare mai kyau, amma bakinsa a bayan garinmu ya ƙare, kamar wanda ya zana shi ya ɗauka daji ne a wurin. Ban gane dalili ba sai ranar da na je wani ofis neman takardar mallakar gidanmu. Wani ma'aikaci mai kirki ya shimfiɗa mini taswirar yankin a kan tebur. Ga fulotai a jere kowanne da lambarsa, ga wurin makaranta, ga wurin masallaci, ga kasuwa. A tsakiya sai wani fili fari fat, an kewaye shi da layi, an rubuta kalma biyu da Turanci, ma'anarsu tsohon mazauni. Babu lungu ko ɗaya a ciki, babu rijiya, babu maƙabarta. Na ɗora yatsana a kai na ce, "Nan ne gidanmu." Ya ce, "Malam, nan ba ya cikin tsari, shi ya sa takardar za ta yi wuya." Kakan kakana ne ya sari wurin nan. Na fito daga ofishin na zauna a gindin wata darbejiya, na fi rabin awa ban iya tashi ba.

Wannan farin filin shi ne ciwonmu. Gidan da ba shi da takardar gwamnati banki ba ya kallonsa, in kuma aka zo faɗaɗa titi shi ake fara shafa wa jan fenti. Famfo in ya zo, a bakin layi yake tsayawa. Taransifoma in ta ƙone, ta unguwar arewa kwana uku an sauya, tamu sai mun yi karo-karo. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Ungogo kaɗai mutum sama da 360,000, ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar Kano kuwa, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, sun haura miliyan biyu da dubu ɗari takwas. A cikin wannan tekun jama'a, mu 'yan asalin wurin mun koma 'yan tsiraru a kan ƙasar iyayenmu.

Kuɗin gona kuwa kamar ƙanƙara ne a tafin hannu. Wasu suka sauke farali, wasu suka ƙara aure, wasu suka saya wa yara babur. Masu hangen nesa kaɗan ne suka je Tofa da Rimin Gado da Kabo suka sayi wasu gonakin. Sauran, manoman da ba su iya komai ba sai noma, suka zama leburorin gini da masu gadi. Samarinmu suka kama acaba, har zuwa watan Janairun 2013 da aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin Kano, sai wasu suka koma turin kura. Rijiyar garinmu ta ƙafe, 'yar wadda ta rage kuma ramukan masai sun ɓata ta. Ka ga yaro ya tura kura ya je ya sayi ruwa a gidan da aka gina a gonar kakansa, ya dawo ya sayar wa uwarsa da maƙwabtanta jarka-jarka.

Baffa shi ma gadi ya kama. Gidan da yake gadi a daidai inda gonarsa take aka gina shi. Wata rana da la'asar na same shi a kan benci a bakin get, ga 'yar rediyonsa, ga butarsa. A wani ɗan tsagi tsakanin katanga da lambatu, wurin da bai fi taku biyu ba, ya shuka kuɓewa da yakuwa da gero guda huɗu. Ya ga ina kallo, ya ce, "Ƙasar nan har yanzu tana da ƙarfi. Takin jakunan ubanka ne." Ban sami abin ce masa ba.

Tsakaninmu da waɗanda suka zo kuma sai gaisuwa. Su suna ce mana 'yan cikin gari, in rai ya ɓaci su ce ƙauyawa. Mu muna ce musu baƙi, ko da mutum ya shekara ashirin ya aurar da 'ya'ya a wurin. Masallacinsu daban, namu daban. In an yi sata a wajensu, yaranmu ake fara zargi. In akuyarmu ta shiga layinsu, sai an kai maganar gaban mai unguwa.

Wani dare cikin watan Agusta aka kece da ruwa bayan isha'i, bai ɗauke ba har ƙarfe biyu. Ruwan arewa duka, wanda a da gonaki suke shanye rabinsa, yanzu kwano da siminti suka tattaro shi, lambatu ya kawo shi bayan garinmu ya saki. Ya bi tsohuwar hanyarsa, ya iso inda kwarinmu yake, ya tarar da gida biyu a tsaye, sai ya juyo mana. Na farka na sauke ƙafa na ji ruwa har ƙauri. Kafin in kai sashen Inna na ji wata ƙara da har yau in aka yi tsawa sai gabana ya faɗi. Bangon ɗakinta na ƙasa ya jiƙe daga tushe ya kwanta, azara ta danne mata ƙugu.

Da hannu muka tone ta. Ta arewa babu mafita, katangun sabbin gidaje sun toshe tsohuwar hanyarmu tuntuni. Wani direba cikin waɗanda suka sayi fulotanmu ya ce a kawo ta bakin titi, a can gidan mai yake ajiye motarsa, domin shi ma ba ta shiga layinsa. Muka cire ƙyauren zaure muka kwantar da ita a kai, mu huɗu muka ɗauka. Ruwa har cinya, ba wuta, yaro ɗaya yana haska mana da tocilan. Muka bi ta layin nan mai ƙafa shida. Muna tuntuɓe da dakalin da ba ma gani, ƙanina ya zurma ramin masai har ƙirji, ƙyauren ya karkata, Inna ta yi salati da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Kowane taku na san shi, domin ni na auna shi.

Ɗaki goma sha ɗaya ne suka faɗi a garinmu a daren. Inna ta ƙara shekara biyu a duniya, amma ba ta sake taka ƙasa ba. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Sau ɗaya dai, ina gyara mata matashi, ta ce, "Ɗan nan, ruwa ba ya manta hanyarsa. Baffanku ya gaya muku."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Bayan sati ɗaya na je na durƙusa gaban mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, a tara mutane, na ciki da na waje, ni zan fara magana." Aka taru a firamare ranar Asabar. Shi ne karon farko da na ga 'yan cikin gari da 'yan awon igiya da 'yan awon gwamnati a kan benci ɗaya. Na miƙe na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba. Aka yi tsit. Sai wani dattijo daga unguwar arewa, injiniya ne da ya yi ritaya, ya miƙe ya ce, "Malam, ba kai kaɗai ba ne. Ruwan gidana yana cikin wanda ya rushe ɗakin mahaifiyarka. Shekara goma sha biyar ina nan, ban taɓa bin lambatun ƙofar gidana na ga inda ya ƙare ba, kuma aikina ke nan." Daga nan ya roƙi a haɗa shi da tsofaffin da suka san wurin tun yana gona.

Washegari aka goyo Baffa a babur, domin ƙafa ta fara gazawa. Yana nuni da sandarsa, injiniya yana bin sa da na'ura da littafi. "Nan tsamiya take. Nan ruwa yake karyawa ya yi gabas. Nan in ka haƙa taku ɗaya yashi za ka tarar." Duk inda ya nuna, in aka auna sai a ga nan ne gangaren. Injiniyan ya rufe littafinsa ya ce da a ce an zauna da wannan tsoho awa ɗaya kafin a zana taswirar unguwarsu, da ba a yi wannan asara ba.

Tunda kududdufi ya tafi, dole a ja lambatu tun daga bayan gari har babbar kwalbatin bakin titi, a kuma buɗe hanyar da mota za ta shiga. Lissafi ya nuna gida goma sha tara sai sun ba da wani abu, wani ƙafa biyu, wani huɗu. Kowa ya yarda da aikin, kowa kuma yana son a fara ta gidan maƙwabcinsa. Na ga in ban fara ba ba mai farawa. Zauren gidanmu Baba ne ya gina shi da tubalin da ya buga da hannunsa, a nan yake ɓarar gyaɗa, a nan aka yi masa sallah. Ni na fara sa masa diga. Inna tana kwance a ɗaki tana jin faɗuwarsa, ta aiko jikarta ta ce a gaya mini Allah ya yi albarka.

Daga nan abin ya ɗan yi sauƙi, amma ba sosai ba. Akwai wata gwaggo mai takaba wadda layin ya bi ta tsakiyar ɗakinta ɗaya tilo, sai da muka gina mata wani da aikin gayya kafin a taɓa nata. Masu dakali da ramuka a layin kudu sai da liman ya bi su gida-gida. Cikin gida biyun da suka zauna a kan kwari, ɗaya mun saya da kuɗin karo-karo mun rushe. Masu hali suka kawo siminti, marasa hali suka kawo ƙarfinsu, mata suka dafa abincin ma'aikata. Ƙaramar hukuma, bayan sintiri na shekara biyu, ta ba da rodi da motar gyaran hanya. Rani uku muka yi muna wannan aiki. Yau Adaidaita tana sauke ni a ƙofar gida, kuma mace mai naƙuda ba a ɗaukar ta a kan ƙyaure.

Maƙabarta ce ta ƙarasa haɗa mu. Da muka je kewaye ta, muka tarar an riga an ci gefenta ɗaya da gini. A nan waɗanda muke kira baƙi suka fi mu zafi, domin su ma a nan suke binne nasu, kuma su suka san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa. Cikin wata shida aka yi mata katanga, aka sa ta a takarda. Kuka ɗaya ce ta rage cikin ukun. Da Baffa ya rasu, injiniyan nan yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma tun daga lokacin ban ƙara jin bakina ya kira shi baƙo ba.

Na san an sami sauyi a wajen karɓar gonaki. Yanzu akwai abin da mutane suke kira kashe-mu-raba, gwamnati ta yanka fulotai ta ɗauki nata ta ba mai gona nasa, kuma wannan ya fi ƙirgen bishiya nesa ba kusa ba. Amma aljihun mai gona yake gyarawa, tsohon garin yana nan a farin filinsa. Ko a Abuja, da na kai ziyara wurin ɗana, na shiga tsohon ƙauyen Garki na ga lungunansa a tsakiyar manyan gine-gine, na ji kamar ina gida. Ni ba na goyon bayan a rushe irin waɗannan garuruwa a kwashe mutane a kai su bayan duniya, domin wanda aka raba da gonarsa bai kamata a sake raba shi da kabarin ubansa ba. Abin da nake roƙo shi ne mai zana taswira ya fara da garin da ya tarar. Ya shiga da ƙafarsa, ya zana lungunansa, ya tambayi tsofaffi inda ruwa yake bi, ya haɗa lambatunsa da na sabuwar unguwa, ya ware wa 'ya'yan garin inda za su yi gini in sun girma, a kuma ba mutane takardar gidajensu a kan kuɗin da talaka zai iya. Mu har yau takardar mai unguwa ce a ƙarƙashin katifar yawancinmu.

Da kuɗin sallamata na sayi 'yar gona a wajen Tofa. Bara na ga dillalai sun fara zagaya wurin da mota, suna tsayawa suna nuna gonaki da mukulli. Maƙwabcina na gona ya zo ya ce, "Malam, an ce kai ka san harkar nan, nawa ya kamata in sa?" Na ajiye fartanya na zaunar da shi a gindin gawo, na ba shi labarin ƙyauren zaure. Na ce kafin kowa ya sayar da taku ɗaya, su taru gaban dagaci su fitar da hanya da makaranta da maƙabarta da hanyar ruwa, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ya ce zai yi magana da 'yan'uwansa. Na ga dai an kafa turaku a gonar da ke gabas da tasa.

A garinmu kuwa saura gida ɗaya, na biyun da ke kan kwari. Mai shi ya ce da kuɗinsa ya saya, kuma yana da takarda. Gaskiyarsa ne, rubutuna ne a jikinta. Lambatu ya yi gwiwa ya zagaye gidan, a nan shara take taruwa, shi ya sa duk daren da hadari ya haɗu nake fita da tocilan da cebur in duba wurin. Mun tara kusan rabin abin da ya nema. Ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, ni da liman da mai unguwa za mu sake komawa wurinsa.